Fitilar Da Ba Ta Ci Ba Ta Sha

Wani ne can wajen Goronyo, manomin albasa. Bawan Allah ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai kan nan nashi awa tulun da anka manta ba a ɗebo ruwa ba.

Gonarshi tana ƙasan dam, inda aka ban ruwa bi da bi. Rannan anka ce mashi layinshi ya faɗo bayan isha'i, in ya kuskure kuwa sai wani mako. Ga albasa ta fara lanƙwasa kai don ƙishi. Ga kekenshi makaho, ba fitila.

Ran kasuwa yat tura keken har rumfar Ɗahiru mai kayan keke.

"Ɗahiru, ido nika so ka sa ma dokin ga."

Ɗahiru yaf fiddo wata. "Ga mai batir."

"Mi taka ci?"

"Batir mana."

"Ina da masu ci goma ga gida. Aje ta."

"To ga mai caji. Ka shanya ta ga rana, da dare ta yi maka aiki."

"Abin da ka kwance ga rana ini zubur shina shan iska? Wagga halin ƙanena gare ta, malalaci. Aje ta."

Ɗahiru yat tona can ƙarƙashin tarkace, yaz zaro wata tsohuwa, da wani ɗan ƙarfe awa kwalbar turare.

"Wagga dainamo ce. Ɗan ƙarfen ga shika gogar taya. In taya na juyawa, wuta ta kama. Ba ta ci, ba ta sha."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Allahu akbar! Ɗaura mani waliyyiya."

Anka sallame isha'i, mutumin yas saɓa hauya, yah haye. Yat taka feda, fitila tay yi ɗan ja-ja. Yaƙ ƙara, tay yi fari. Yad danna da ƙarfi, hanya tay yi tas har shina ganin kashin awaki.

"Kai! Ashe yabo taka so!"

Sai gudu. Riga ta cika da iska, hula ta tafi abinta, shi ko waiwaye. Shina wuce mutane shina faɗin, "Ku kauce, rana ta fito!"

Can sai ga jaki tsaye tsakiyar hanya da kayan kara. Mutumin yam matse birki don shi duba ta inda za shi raɓa. Fitila tam mutu murus. Sai ji kakai rim! Shi ga kara, keke ga jaki, jaki ga kuka.

Mai jakin, wani dattijo, yat taso daga gindin iccen bedi. "Kai wane irin makaho ne?"

"Baba, yi haƙuri. Ni na gane shi sarai. Ita ce tar runtse ido."

"Wa?"

"Fitilar. Matsoraciya ce. Da ta ga jaki sai ta rufe ido, ta bar ni da shi."

"To kai mi yah hana ka buɗe naka?"

Yak kakkaɓe, yas sake hawa. Duk inda rami yake, in ya rage gudu shi duba, sai duhu. In ya ƙara gudu, shina ganin ramin ƙwarai, amma sai ya riga ya faɗa ciki. Ya gani ya faɗa, bai gani ba ya faɗa. Gwiwa duk ta saɓule, Allah sarki.

Ga shi kuma gaba akwai 'yar gadar itace bisa kanal ɗin ban ruwa, faɗinta bai fi tabarmar sallah ba.

Yat tsaya yay yi tunani, abin da bai saba ba. Sai yaɗ ɗaga keken yak kife shi bisa kai, tayu sama, yak kai hannu yam murza tayar. Wuta tak kama!

"Yawwa! Ashe hawan ki ne ba ki so. To ke hau ni."

Haka yat tafi, keke bisa kai, hauya ga kafaɗa, hannu na murza taya. Masu kamun kifi sunka hango wuta tafe sama-sama tana kuka ƙiii, ga ƙafafu biyu ƙarƙashi. Sunka watsar da koma, kowa yak kama gabanshi da a'uzubillahi.

Yak kai gona ruwa na gudu cikin kanal. To hauya hannu biyu taka so, fitila na son guda, shi ko biyu gare shi duka-duka. Yak kife keken bisa kunya, yam murza taya da iyakar ƙarfinshi, yar ruga ya sari ƙasa. Sara guda, biyu, duhu. Yad dawo yam murza, yar ruga. Yad dawo, yar ruga. Wani zubin ya iske bakin fangalin albasa, wani zubin ya iske ƙafarshi. Har dai yaj ji ruwa ya ɓalle shina shiga, shuuu.

"Sha, 'yan albasata, sha! Ubanku ya iso."

Yab bi fangali-fangali shina buɗewa shina tosewa, shina murza taya, har layinshi yaƙ ƙare anka maida ruwa gaba. Yam miƙe nan bisa kunya, barci yak kwashe shi.

Da gari yaw waye, maƙwabcin gonarshi Faruk yat tashe shi. Faruk na ta washe baki.

"Maƙwabci, Allah shi biya ka! Allah shi jiƙan mahaifa!"

Mutumin yam murje ido. Gonar Faruk jiƙe sharkaf, albasa ta miƙe tana sheƙi. Tashi gonar kuwa ga ta can gefe, busassa ƙamas, ko kaza ba ta yi fitsari ciki ba.

Yaz zabura yaɗ ɗauki hauya yay yi kan fitila. "Munafuka! Yau sai kin koma wurin Ɗahiru, ko ke ko gutsattsarinki!"

Faruk yar riƙe mashi hannu.

"Haba maƙwabci, kada ka yi mata haka. Ka daure da ita har albasata ta nuna."