Rasuwar 'Yar Baƙa, Oba-obata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, nake sanar da 'yan'uwa masu lasisin magana ta iska rasuwar oba-obata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ba ta taɓa tsallake mitar da hukuma ta yanka mana ba, ba ta taɓa kutsa kai cikin talabijin ɗin maƙwabta ba. Wannan tarbiyya ta Malam ce, dattijon da ya raine mu duka ta iska, wanda babu ɗayanmu da ya taɓa ganin fuskarsa ko ya san ƙofar gidansa. Ta bakinta ya sa na binne wayar ƙasa, na janye eriya nesa da layin wuta. Ta bakinta yake tsawata mini: "Kai yaro, saurara kafin ka danna makirufo. Kuma mai lasisi ba ya sauka bai faɗi lambar kiransa ba, ko da wuta ce ta kama rigarsa." Furfura ta cika mini kai, amma a wajensa ban wuce yaro ba.

Jinyar gajeruwa ce. Malam yana cikin gyara wa wani sabon shiga tsawon eriyarsa, ya ce, "Dakata, ɗana, bari in..." Sai 'Yar Baƙa ta yi ƙwas, ta koma shuuu. Babu sallama, babu lambar kira.

Na kai ta wajen mai gyara. Ya buɗe, ya gwada, ya mayar da murfi ya ce, "Yallaɓai, lafiyarta ƙalau, har ta fi ni." Na ce masa ba surutu na zo ji ba. Abokai suna ta bugo mini waya, wai nasu ma shuuu suke yi a mitar Malam. Na ce annoba ce ta faɗa wa na'urori. Mutumin da ya tsufa bai taɓa sauka babu lamba ba, ba yanzu zai fara ba. Saboda haka ita ce ta mutu, ba Malam ba. Na fi son haka, domin tsoro nake ji.

Ta bar eriya ɗaya a kan rufi, da batir, da makirufo. Ta bar mai ɗakina, wadda ta sha cewa ƙarar marigayiya na fasa mata kai, yanzu kuma take ɗaga labule tana tambaya, "Har yanzu bai yi magana ba?"

Za a riƙa zaman makoki kullum da hantsi a ɗakin marigayiya. Ba a sa ranar binnewa ba. Masu ta'aziyya ta iska kada su danna, su bar mitar Malam a buɗe. Wanda kuma ya zo da ƙafarsa, don Allah ya kula kada ya taka waya, domin gawar tana kunne.