Sifikar da Ta Sa Na Tona wa Kaina Asiri

Ko da zan manta ranar da na fara riƙe sitiyari, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, tsakanin azahar da la'asar, ranar da na tona wa kaina asiri a gaban dattawan unguwarmu ta Bolewa ba tare da kowa ya tambaye ni ba.

Bari ku san ko ni wane ne tukuna. Na haura sittin. Aji uku na yi a firamare na tsere tasha, na yi karen mota, na zama direban tirela, na ƙare ƙuruciyata ina kwasar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kurmi. Da na ajiye tuƙi na sauke farali, sai na saki gemu, na kama sahun gaba, na zama dattijon layi. Ni ne mai tsawatar wa masu keke Napep in sun ƙure kiɗa a ƙofar gidajenmu. In na ɗaga sanda na ce, "Kai, ba ku tsoron Allah?" sai ka ji tsit. Wannan girman shi ne duk abin da na tara a duniya, don tirelar ma ba tawa ba ce.

To amma kunnen direba ba ya tuba da wuri. Ina da wani ɗan memori da na ɓoye a cikin kwalin maganin hawan jini, cike yake da goge da kalangu irin na zamaninmu, waɗanda suka raka ni hanya shekara da shekaru. A 'yar wayata mai madannai nake ji, na manna ta a kunne kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Gogen sai ya fito kamar kukan sauro. Rannan na ce a raina, kai, kafin in mutu sai na ji kalangu ya daki ƙirjina kamar dā.

Na zagaya ta bayan kasuwa (don kada a gan ni) na shiga shagon Oga Sande, wani mutumin kudu da ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Na ce ina son sifika ƙanana guda biyu, waɗanda za su zauna a kan kanta tsakanin littattafai, masu sauƙin kuɗi, na jin karatu.

Mutumin ya san aikinsa. Ya ce ɗaki ƙarami ba ya son babbar sifika, sai ta cika shi da gurnani. Ya ƙwanƙwasa wata da yatsa ya ce, "Ka ji? Katako ne. Na roba yana ƙara kamar bokiti." Ya ce kada in manna su da bango, kuma in raba su, ɗaya dama ɗaya hagu. Sannan ya ce ba a sayen sifika da ido, in kawo abin da zan riƙa ji a gwada. Ban yi tunani ba na miƙa masa memori. Yana sawa goge ya tashi, shago ya ɗauka. Sande ya dube ni, ya dubi gemuna.

"Alhaji, wannan karatu naka yana da daɗi fa."

Na ce masa na jikana ne, kuskure aka yi. (Jikan nawa ko yaye shi ba a yi ba.)

Waɗanda ya yaba ɗin sun fi ƙarfin aljihuna. Ina cikin jan gemu sai na hango wasu biyu a ƙasan tebur, kwalinsu a yage. Ya ce wani ne ya saya ya dawo da su, wai ɗaya tana ɗan shaƙewa, in ina so zai sakar mini. Na saurara, ban ji wata shaƙewa ba, ni da injin tirela ya riga ya cinye mini rabin kunne. Ban tambayi wanda ya dawo da su ba. Na naɗe su a buhu kamar mai ɗauke da doya na yi gida.

Ranar Larabar, Hajiya matata ta tafi suna garin Mamudo, gida ya zama nawa. Na dawo daga azahar, na sa sakata, na saki labule, na tuɓe riga, daga ni sai wando da singileti. Na jera sifika a kanta yadda Sande ya ce, na zura memori. Jama'a, kalangu ya yi magana! Na ji ni a kan hanya, shanu a baya, iska tana dukan fuska. Tun ina kaɗa kai, har kafaɗa ta karɓa, har na miƙe na riƙe ƙugu da hannu ɗaya ina juyi a tsakar ɗaki.

Sai aka ɗauke wuta. Kafin in sauke hannu daga ƙugu aka dawo da ita. Sifika ta yi wani ɗan ƙara, ƙit. Na tsaya ina jiran goge ya ci gaba.

Sai wata murya ta namiji, mai kauri, ta fito daga kan kanta.

"Ya kai mai furfura!"

Na waiga. Ba kowa. Ƙofa a rufe.

"Ya kai mai furfura! Ka rufe ƙofa, ka saki labule, kana tsammani ba a ganinka?"

Wallahi na taɓa kwana a daji da mota a lalace, na taɓa ganin birki ya tsinke a gangara, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Na lallaɓa na fizge memorin, na ce ko a cikinsa abin yake. Ga memori a tafin hannuna, murya kuma ba ta fasa ba. Ƙaruwa ma ta yi. Ta yi shiru kaɗan, ta sake komawa farko, da ƙarfin da ya fi na dā.

"YA KAI MAI FURFURA!"

Sau uku ke nan. Na ce shi ke nan, sallama ce. Soket ɗin yana bayan kanta, amma wa zai kai hannu kusa da abin da ya san ka saki labule? Na fara salati, bakina ya kasa haɗa shi. Muryar ta ce, "Kabarinka ya matso, me ka tanada?" Na tuna ba kowa a gidan, na hango yadda za a fasa ƙofa a same ni a miƙe da singileti, da memorin goge a hannu. Ban san lokacin da na zare sakata ba.

A ƙofar masallacinmu akwai bishiyar maina, nan dattawa suke zaman jiran la'asar. Liman yana nan, da Alhaji Goni mai goro, da wasu huɗu. Haka na faɗo musu ba hula ba takalmi, na zube a gaban Liman.

"Malam, ku shaida na tuba! An yi mini magana!"

"Subhanallahi! Alhaji, wa ya yi maka magana?"

"Daga sama, Malam, ta cikin sifika! Kiɗa nake ji. Goge ne, da kalangu. Shekara da shekaru ina ji a ɓoye. Yau har rawa na yi!"

Liman ya ce in yi hankali in sha ruwa. Ina! Wanda ya ga kabari ba ya tsayawa shan ruwa. Na ci gaba da zazzagewa. Na ce ciwon gwiwar da nake cewa ya hana ni fita aikin gayya ƙarya ne, gwiwa lafiyarta lau, yanzun nan na gama juyi a kanta. Na ce goron da Alhaji Goni yake cewa yana raguwa a faifai in ya shiga alwala, ba ɓera ba ne. (Wannan ko muryar ba ta tambaye ni ba.) Masu keke biyu suka tsaya, mata suka leƙo ta katanga. Daga cikin gidana kuwa ana jiyo muryar tana ta faɗa, har Alhaji Goni ya fara ja da baya yana neman takalminsa.

Ana cikin haka sai ga Malam Buba, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, ya fito yana jijjiga wayarsa.

"Jama'a, wa ya san gyaran waya? Wa'azi nake ji, ta ɗauke murya ɗif. Na ƙure ƙara, na mayar farko har sau uku, shiru."

Ya yi turus, ya karkata kunne wajen gidana. Ya danna waya. Muryar ta tsaya. Ya sake dannawa. "Ya kai mai furfura!"

"Af! Alhaji, kai ka sayi sifikar da na mayar wa Sande?"

Ashe abin nan da suke kira bulutut, in sifika ta saba da waya ba ta manta ta. Da wuta ta dawo, sai ta saki memorina ta kama tsohon maigidanta ta bayan katanga.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Goni ne ya fara magana.

"To Alhaji, tuban yana nan, ko a mayar maka da kayanka?"

Nan wuri ya fashe. Na ce tuba yana nan daram, a ara mini hula. Liman ya share hawaye ya ce madalla, Allah ya karɓa, kuma tunda gwiwa ta samu, ranar Asabar akwai yashe kwalbati.

Asabar ta same ni a cikin kwata har ƙauri, da shebur a hannu. Duk mai keken da ya wuce sai ya rage gudu, ya kashe kiɗansa da ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," sannan ya ɗan girgiza kafaɗa. Ban ɗaga ko yatsa ba.

Abin da na koya a cikin kwatar nan shi ne, tuba abu ne mai kyau, amma tsakaninka da Ubangijinka ake yinsa, a hankali, da riga a jikinka. Shi Yana yafewa Ya rufa asiri. Mutanen Bolewa kuwa shebur suke miƙo maka.