Rasuwar Durowar Katunan Laburare

Da zuciya mai nauyi saboda baƙin ciki, ma'aikaciyar sashen rajistar littattafai a laburaren jami'a, wadda ɗalibai ke kira Antin Kati, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar zamanta, tsohuwar durowar katuna da ke tsaye bayan ƙofar shiga. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta yi rayuwa ta rufin asiri. Ba ta taɓa jiran wuta ko sabis kafin ta amsa tambaya ba. Ka ja aljihunta ta ce "ƙiii", ka mayar ta ce "ƙwas", iyakar maganarta ke nan. Kowane littafi yana da katinsa a cikinta, wasu da rubutun hannun mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, ciki har da dattijon da ya koya wa Anti aiki.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da aka ce jami'o'i za su haɗa bayanan littattafansu a rumbu ɗaya na kwamfuta. Anti aka ɗora wa kwashewar. Da hannunta ta riƙa zare katunan tana shigarwa, wata da watanni, har idonta ya soma ruwa, aka canza mata tabarau. Na'ura kuwa, duk inda ta ga littafi ɗaya a jami'a biyu, sai ta riƙe bayanin waccan ta share na Anti, har da ɗan rubutun gefe irin su wane ya ba da kyautar littafin. Anti ta kai kuka ofis, aka ba ta haƙuri, wai haka tsarin yake. Ba ta sake komawa ba. Tana shigar da katin ƙarshe marigayiya ta cika, ko shure-shure ba ta yi ba.

Ta rasu ta bar keken buga rubutu mai fama da ciwon harafi ɗaya, da hatimin kwanan wata, da ita Anti, wadda aka mayar gaban kwamfuta tana haɗa sunayen marubutan da na'ura ta raba gida biyu.

Za a kai ta makwancinta a siton ƙarƙashin bene gobe da yamma, in an samu masu ɗauka, don tana da nauyi. Babu zaman makoki, domin shugaban laburare ya riga ya ba da wurin a kafa abin cajin waya. Mai ta'aziyya ya sami Anti a teburinta, amma ya taƙaita gaisuwa. An turo mata wasu kurakuran, ana son ta gyara su kafin a tashi.