Haƙorin da Kakana Ya Bar Mini

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Malam Sani a unguwar International City ta Dubai ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni lodin kaya nake yi a wani sito a Al Ras. Karatuna a firamare ya tsaya. In 'yan gida suka taru, wannan injiniya, wancan likita, ni sai dai in miƙa faranti. Abu ɗaya nake da shi da ba su da shi: wani haƙori lanƙwasasshe, ya kai tsawon tafin hannuna. Kakana maharbi ne. Ya ce a duwatsun arewacin Chadi ya samo shi, na wata damisa ne mai guntun bindi, haƙoranta biyu sun zarce haɓa, tana ɗaukar barewa kamar kaza. Turawa sun ce irinta ta ƙare tun zamanin da, mutanen dutse sun ce tana nan cikin kogo. A aljihu na shigo da shi Dubai, kuma ko masallaci zan je ba na barinsa. (Damisar kuwa duk shekara ƙara girma take yi a bakina.)

Bayan an ci shinkafa hira ta koma kan biza da albashi, ba mai ko kallona. Sai na zaro shi. Kowa a falon ya juyo. Na ba da labari har da kwaikwayon kukanta, wanda ban taɓa ji ba. Na ce a kawo jaririn a goga masa a ƙirji kamar yadda aka yi mini, ya tashi da zuciya. Malam Sani ya shiga ɗaki ya ɗauko shi.

Akwai wani baƙo a gefe, Dakta Bello, likitan dabbobi a wata gonar raƙuma. Ya ce, "Baba, ba ni in gani."

Na miƙa masa ina hura hanci. Ya jujjuya shi, ya matso kusa da kunnena. Mutumin kirki ne, asirina ya so ya rufa.

"Baba, mayar da shi aljihu. Ma yi magana a waje."

Na ɗaga murya. "A'a, faɗi a nan, Dakta, kowa ya ƙaru."

Ya yi ajiyar zuciya. "Hauren gadu ne."

Wani ɗan Gana ya tambaya mene ne gadu. Aka ce masa aladen daji.

Malam Sani ya juya da ɗansa ya koma ɗaki, na ji yana ce wa matarsa, "Khalas, shi ke nan, an fasa." Na kusa da ni ya tambaye ni a hankali, "Baba, da shi kake salla?"

Na ce masa bas ɗina ya kusa tashi.

Har yau na yarda damisar tana can cikin kogonta, haƙorinta ne dai ba ya wajena. Amma na koyi abu guda: in mai ilimi ya rage murya ya ce maka ku je waje, ka nemi takalminka ka bi shi.