Yadda Amaryar Indiya Ta Tona Min Asiri a Maamobi

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Lahadi ce, ranar walimar auren Adiza a unguwar Maamobi, bakina ya yi min abin da maƙiyi bai taɓa yi min ba.

Ni malama ce. Ina koyar da matan aure karatu a wata 'yar makaranta a unguwarmu ta Nima, daga bayan Magariba. Shekara da shekaru ajina cike yake, sai da aka fara nuna wani fim ɗin Indiya mai dogon zango a talabijin, wanda aka juya shi zuwa Twi, yaren da aka fi ji a ƙasarmu. Daga nan da lokacinsa ya gabato sai ka ga ɗalibaina suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta bar miya a wuta, waccan ɗanta ba lafiya. A wata guda ba yaron da bai yi zazzaɓi ba a Nima.

Na ɗaura ɗamarar yaƙi. Wadda ta fi shan wuya a hannuna ita ce Hajiya Memuna mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi, matar da ta kusa haifata. Rannan ta ɗauki jakarta za ta sulale, na tsayar da ita gaban kowa, na ce, "Hajiya, kin je Makka kin dawo, amma Ba'indiye mai jin Twi shi zai raba ki da karatu?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yoo, Malama, na ji." Ta koma ta zauna. Ni kuwa har wani daɗi na ji a raina, Allah Ya yafe min.

To ga abin da ba su sani ba. Gidan haya muke, kuma talabijin ɗin maƙwabciyata Anti Fati yana kallon taga. Da rana ana maimaita fim ɗin. Wata rana na matsar da murhuna kusa da tagar nan (saboda iska, haka na gaya wa kaina), ban kuwa sake mayar da shi wurinsa ba.

In za a faɗi gaskiya, fim ɗin shirme ne. Mari ɗaya sai an nuna shi sau uku, kowanne da tsawa. Mace ta kwanta barci da sarƙa da 'yan kunne kamar mai zuwa suna. Tsohuwa mai jan ɗigo a goshi ta buɗe baki ta yi gaisuwa sai ka rantse a Kumasi aka yanke mata cibi. Amma akwai wata amarya marainiya da dangin miji suka sa a gaba, ita ce ta kama ni. Sau biyu ina ƙona miya a kanta. Na riƙa ce wa kaina ai bincike nake, sai ka san cuta kake maganinta.

Ranar walimar an tare layi da rumfuna da kujerun roba, mata sun sha ado. Aka miƙa min lasifika in yi wa amarya nasiha. Na yi ta yi, har na zo inda na fi ƙwarewa. Na ce, "Adiza, kada ki bar mijinki da yunwa saboda Indiyawan da ba su ma san kina duniya ba." Aka yi kabbara. Na hango Hajiya Memuna tana gyaɗa kai.

Aka zaunar da ni cikin manyan mata, aka kawo tuwon shinkafa da miyar gyaɗa. A bayana ɗalibaina biyu, Rabi da Salamatu, suna ƙus-ƙus a kan fim ɗin. A satin nan mijin amaryar fim ɗin ya zame daga matakala ya karye, ana neman wanda ya zuba mai a wurin.

Rabi ta ce, "Amariya ne ya zuba. Gado yana so ya ci." (Hausarmu ta Zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne.)

Salamatu ta ce, "Saa? Ashe? Ni ma tun farko ban yarda da yarinyan nan ba. Idonshi na mugu ne."

Na ce wa kaina ki yi shiru, ba ruwanki. Na sha ruwa. Amma suka ci gaba da yi wa marainiyar Allah ƙazafi, har Rabi tana cewa gara a kore ta. Ban san lokacin da na juya ba, hannuna duk miya.

"Ku ji tsoron Allah! Gwaggon mijin ce ta zuba man, ta ɓoye kwalbar a bayan tukunyar fure. An nuna ranar Alhamis. Yarinyar nan tana asibiti wajen kakarta a lokacin."

Daidai nan mai kiɗa ya kashe na'urarsa saboda kiran sallar La'asar, don haka ba wadda ba ta ji ni ba a rumfar nan. Hajiya Memuna ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, sannan ta dube ni.

"Malama, a wane littafi ka gani wannan?"

Na ce, "Labari aka ba ni, Hajiya."

Sai ga muryar Anti Fati daga can ƙarshen rumfa, ashe ita ma an gayyace ta. "Wa ya ba ka labari? Kai ne kana gaya mini abin da ya wuce in na shiga wanka."

Dariyar da aka yi, har amarya sai da ta ɗaga mayafi ta leƙo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tuwon da ban ƙarasa ba ke nan.

Ranar Litinin ban je makaranta ba, na aika cewa kaina ke ciwo. Talata na daure na tafi, ina tsammanin in tarar da tabarmi kawai, don wa zai sake sauraron malama irina? Na samu ajin maƙil, har da waɗanda na yi wata biyu ban gani ba. Kafin mu buɗe littafi na durƙusa gaban Hajiya Memuna, na roƙe ta gafarar kunyar da na ba ta.

Ta ce, "Ba komai, Malama, ya wuce. Amma jiya wuta ya tafi a layinmu. An kama gwaggon nan ko ba a kama ba?"

Aji duka ya zuba min ido. Ƙarya kuma ba ta kamaci malama ba.

Na ce a hankali, "An kama ta. Ku buɗe inda muka tsaya."

Tun daga ranar muke fara karatu da wuri, mu tashi da wuri, kuma ba yaron da ya sake yin zazzaɓi. Ni dai na ɗauki darasina: kafin ka tsaya gaban jama'a ka kushe miya, fara goge man da ke bakinka.