Ranar da Na Dafa Irin Surukina

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban yarda laifina ne ni kaɗai ba.

Shekarar da aka samu mulkin kai ne. Maiɗakina ta tafi bikin suna garin Bahindi, ni kuwa na ce wanda ya yi aji huɗu a elemantare, tukunya ba za ta gagare shi ba. A ɗakinta na iske gora an liƙe bakinsa da laka. Na fasa, sai ga baƙin wake cakuɗe da toka. Na yi tsaki, na ce dubi ƙazanta.

Da farko na wanke shi sau uku. Na biyu na jiƙa. Na uku na ɗora tun hantsi, da kanwa da albasa, ina rage wuta ina ƙara ruwa har la'asar. Ya yi laushi lugub. Na kira maƙwabta biyu su ga aikin mai tsari.

Muna cikin ci maiɗakina ta dawo, ta ga goran a fashe.

"Malam, mi ka dafa?"

"Wake."

"Irin Baba ne! Daga Dahome ya kawo shi, ya ba ni ajiya sai ruwa ya sauka!"

Maƙwabtan nan marasa kunya sai da suka suɗe kwano, sannan suka fita da labari. Surukina bai shuka baƙin wake ba a daminar, wata biyu bai amsa gaisuwata ba. To, wa ya hana su rubutawa a jikin goran?

Har yanzu da ruwan farko ya sauka sai a yi mini sallama: "Malam, mu fita shuka, ko ka riga ka ɗora tukunya?"