Ranar da Na Cire Takalmi

Har gobe ina nan kan bakana: gudu ba takalmi ya fi lafiya. Kuskurena guda ne, na manta shekara bakwai ƙafata ta yi cikin takalmi sau-ciki a biro, wato ofis.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ranar biki aka sa tseren gudu a Dakoro, daga kasuwa zuwa babbar rijiya. Ni komi ne lokacin, wato akawu. Abokina Mushe Isufu, wato Malam Isufu na lakwal, makarantar boko, ya fito da takalmin roba sabo daga Maradi. Nan na tara jama'a na yi mashi wa'azi: takalmi kashe yatsu yake, ƙasa ce ke ƙarfafa diddige, ni da na yi kiwo a Korahane ban san shi ba. Na tuɓe nawa na ba wata tsohuwa mai fura ajiya, don in shiga tseren.

"Komi, hanyar nan akwai tsidau fa," in ji ta.

"Iya, ai tsidau ya san ni."

Ashe ya manta ni. Ban fita kasuwa ba na fara rawa ba kiɗa. Wani makiyayi ne ya ci tseren, kuma ba takalmi a ƙafarshi, kun ga ke nan gaskiyata ce. Ni dai bisa jaki aka maido ni, mai fura na biye da takalmina.

Har yau in na duƙa cire takalmi a ƙofar masallaci, sai wani ya ce, "Ku ba da hanya, Komi zai tashi!"